Amsa ga Kawu a Katsina Kan Bukukuwan Ƙarshen Shekara a Makarantun Kuɗi na Ingila

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan 'yan uwa na Katsina, ina so in amsa tambayar da ka yi mini game da abin da yaranmu ke yi a makaranta idan shekarar karatu ta zo ƙarshe. Ka ce kana ganin hotunansu riƙe da kofuna da takardun yabo na guje-guje da muhawara da tafiyar daji, alhali ba ka ga inda aka rubuta wane ne na ɗaya a aji ba, kuma kana tsoron kada mu riƙa zuba kuɗi masu yawa a kan wasa, tarbiyyar yaran kuma tana zubewa ta wani gefen. Tambayar ta cancanci amsa mai tsawo, domin mu ma da muke zaune a Mancesta da kewayenta muna tattauna ta a tsakaninmu kowace shekara, kuma ba kullum bakinmu ke zuwa ɗaya ba.

Yawancin 'ya'yan Hausawa a nan makarantun gwamnati suke zuwa, waɗanda kyauta ne. Makarantu masu zaman kansu, waɗanda ake biya, suna ɗaukar kimanin kashi 6 zuwa 7 cikin 100 ne kawai na ɗaliban ƙasar, kuma tun daga watan Janairun 2025 gwamnati ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan kuɗinsu, abin da ya sa wasu iyalai daga cikinmu suka sake lissafi. Waɗanda ke kai 'ya'yansu can galibi likitoci ne da malaman jami'a da injiniyoyi, sai kuma waɗanda yaransu suka ci jarrabawar shiga da kyau har makarantar ta rage musu kuɗi gwargwadon ƙarfin iyayensu. Shekarar karatu tana farawa a Satumba, tana da zango uku, kuma makarantun kuɗi suna rufewa a farkon Yuli, kimanin mako biyu kafin na gwamnati.

Dalilin da ya sa ba ka ga sakamakon jarrabawa a hotunan ba shi ne lokacinsa bai yi ba. Jarrabawar GCSE, wadda yaro ke yi yana ɗan shekara 16, da ta A-level, wadda yake yi yana ɗan 18 don shiga jami'a, ana rubuta su ne a Mayu da Yuni, amma sakamako ba ya fitowa sai a Agusta, na A-level a wata ranar Alhamis ta tsakiyar watan, na GCSE kuma Alhamis ɗin da ke biye. Saboda haka bikin da ake yi a Yuli ba zai iya dogara da su ba. Ana ba da kyautar wanda ya fi ƙwazo a kowane darasi, da ta wanda ya fi nuna ci gaba ko da bai kai sahun gaba ba, amma rabin taron yana tafiya ne a kan abin da yaro ya yi a wajen aji tun daga Satumba. Haka kuma yawancin makarantun nan ba sa rubuta wa yaro matsayinsa a aji a katin sakamako kamar yadda aka saba a gida, sai dai kowane malami ya rubuta bayani a kan ƙoƙarinsa da inda yake da rauni.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinka, Kawu, kai da ka shafe shekaru kana koyarwa. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, har ta zama Kwalejin Barewa, a kan wannan salon na makarantun kwana na Ingila aka gina ta, inda ake raba ɗalibai gida-gida, a naɗa shugabanni daga cikinsu, a kuma ɗauki filin wasa da muhimmanci kamar aji. Wasan Fives, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da sonsa kuma har yau Katsinawa ke bugawa, daga irin waɗannan makarantu ya fito. Gasar wasanni tsakanin gidaje da ranar jawabi da rabon kyaututtuka da makarantun Katsina ke yi duk daga wannan tushen suke. Bambancin shi ne a nan ba a tsaya ga yini ɗaya ba, kowane mako akwai lokacin da aka ware wa waɗannan ayyuka, kuma akwai malamin da ke rubuta abin da kowane yaro ya yi.

A ranar rabon kyaututtuka akan kafa babbar rumfa a filin kurket, ko a taru a babban zauren makaranta. Shugaban makaranta yana karanta rahoton shekara, baƙo na musamman, wanda sau da yawa tsohon ɗalibi ne, ya yi jawabi, sannan a shiga kiran sunaye. Kyautar galibi littafi ce da aka manna takarda a bangonsa na ciki ɗauke da sunan yaro da dalilin ba shi. Kofunan kuwa na makaranta ne, ana sassaƙa sunan wanda ya ci a jikinsu a ƙarƙashin sunayen waɗanda suka gabace shi, ya tafi da shi gida ya dawo da shi baɗi. Na ga kofin muhawara da jerin sunayensa ya faro tun kafin a haife ni, kuma a can ƙasa akwai sunan wata yarinya Bahaushiya da iyayenta mutanen Daura ne. Ba zan ɓoye maka ba, ganin wannan suna ya faranta mini rai ƙwarai.

Tafiyar dajin da ka tambaya a kanta wani shiri ne da Yarima Filib, mijin Sarauniya Elizabet, ya kafa a 1956, wanda a yau matasa 'yan shekara 14 zuwa 24 ke shiga, kuma yana da matakai uku: tagulla, azurfa da zinariya. A kowane mataki sai yaro ya shafe watanni yana aikin sa-kai, yana koyon wata sana'a ko fasaha, yana kuma motsa jiki, sannan ya yi tafiya a ƙafa tare da ƙaramar ƙungiya, suna ɗauke da tantinsu da abincinsu, suna bin taswira ba tare da malami yana gabansu ba, ko da yake malamai na bibiyarsu daga nesa suna kuma haɗuwa da su a masauki. A matakin tagulla tafiyar yini biyu ce da kwana ɗaya, a azurfa yini uku da kwana biyu, a zinariya yini huɗu da kwana uku. Yaran Mancesta tsaunukan Peak District aka fi kai su, kuma a ƙarshen zangon nan ake yawan yin tafiyar domin rana tana daɗewa.

A nan ne aikinmu na iyaye yake. Kafin ɗana ya tafi, mun zauna da shi mun bi hukuncin sallar matafiyi da na taimama, na nuna masa yadda zai gane alƙibla da kamfas ɗin da aka ba shi don bin taswira, domin daga nan Makka tana kudu maso gabas. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma saura na dare, kuma alfijir yana ketowa tun mutum bai yi nisa da barci ba, saboda haka sai da muka rubuta masa lokutan salla a 'yar takarda ya sa a aljihun jakarsa. Mahaifiyarsa ta yi masa dambun nama da naman halal na nan, tunda doka ba ta yarda a shigo da kilishi ko wani nama daga Nijeriya ba, kuma ya ba mu labari cewa abokan tafiyarsa sun fi shi cin dambun. Tantunan maza daban suke da na mata. Duk da haka wasu iyaye daga cikinmu ba sa barin 'ya'yansu mata su tafi sai sun tabbatar ƙungiyar mata ce zalla kuma akwai malama a masauki, wasu kuma ba sa bari sam, kuma ba ma zargin kowa a kan haka. Abin da na fi so a shirin shi ne ɓangaren aikin sa-kai, domin yaranmu da yawa suna cika shi ne da taimakon ƙananan yara a Islamiyya ko rabon abinci ga mabukata a masallaci, kuma ana karɓar wannan a rubuta musu.

Akwai abubuwan da muka daidaita a kansu ba tare da wahala ba. 'Yan mata suna gudu da buga ƙwallo da ɗankwali da dogon wando, makarantu sun saba da hakan. Idan yarinya ba za ta yi musabaha da baƙon da ke miƙa kyauta ba, ana sanar da makaranta tun da wuri, ita kuma ta ɗora hannu a ƙirji ta rusuna, a wuce ba tare da kowa ya ji kunya ba. A liyafar iyaye bayan taro akan zagaya da giya, mu kuma mu ɗauki lemo. Jarrabawar ƙasa kuwa ba ta ɗagawa don salla: a 2025 babbar salla ta faɗo ranar Juma'a 6 ga Yuni, a tsakiyar jarrabawa, wasu yaran suka shiga ɗakin jarrabawa da safe, aka jinkirta musu cin naman salla zuwa yamma. Waɗanda suka rubuta tasu a 2016 zuwa 2018 sun yi ta ne da azumin da ya haura awa goma sha takwas a bakinsu.

Inda muke saɓani shi ne kiɗa da liyafar bankwana. Makarantun kuɗi suna alfahari da ƙungiyoyin kiɗansu, kuma akwai jarrabawar kiɗa mai mataki takwas da ake karanta sunayen waɗanda suka ci a ranar taro. Wasu gidajen sun bar 'ya'yansu sun koya, wasu sun hana bisa fahimtarsu ta addini, suka karkatar da su zuwa muhawara da gasar lissafi da karatun jawabi a gaban jama'a. Liyafar bankwana ta 'yan ajin ƙarshe, wadda ake yi da dare da rawa da cuɗanyar maza da mata, ita ce ta fi tayar da jijiyoyin wuya a gidajenmu. Ra'ayina shi ne hana yaro kawai ba tare da an ba shi madadi ba yana barin ɗaci a zuciyarsa, shi ya sa wasu iyaye mata suka fara haɗa kuɗi suna kama zaure, 'yan mata su yi kwalliyarsu da lalle da atamfa su gayyaci ƙawayensu na aji, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba. Haka nan makarantun da ke da cocinsu a ciki suna yin addu'ar bankwana a can, kuma wannan yana daga cikin abin da uba mai hankali zai tambaya tun kafin ya sa hannu a takardar shiga, domin kowace makaranta da nata ƙa'idar.

Ka tambaya ko duk wannan yana da amfani wajen shiga jami'a. Gaskiya maki ne a gaba, kuma jami'o'i irin Oksfod da Kambirij sun fi kula da zurfin yaro a fannin da yake nema a kan kofunansa. Amma mai neman karatun likita, wanda dole ya miƙa takardarsa a tsakiyar Oktoba, za a zaunar da shi a yi masa tambayoyi baki da baki, kuma a nan ake gane wanda ya taɓa hidimar tsofaffi ko ya tsaya gaban jama'a ya kare hujjarsa. Ni dai abin da na gani da idona shi ne yaran da suka zo da nauyin baki, irin kunyar nan tamu da ke hana yaro ɗaga kai gaban babba, sun koyi faɗin abin da ke ransu ba tare da sun zubar da ladabi ba, matuƙar gida yana tsaye a kansu.

Babbar matsalar da tsarin ya jawo mana ita ce ta lokaci. Wasannin ƙwallon ƙafa da zari-ruga da kurket tsakanin makarantu ranar Asabar da safe ake yi, daidai lokacin da Islamiyya ke zama, shi ya sa wasu suka mayar da karatun zuwa Lahadi, wasu kuma suka ɗauki malamai daga gida suna biya wa yara ta wayar bidiyo da yamma. Mun kuma lura cewa idan yaro ya ga ana tafa masa a gaban ɗaruruwan mutane don ya yi gudu, amma ya haddace izu biyar ba wanda ya ce masa komai sai mahaifiyarsa, zai auna da kansa wanne ne ya fi daraja. Saboda haka a watan Yuli, kafin iyalai su watse zuwa hutu, muna kama zaure mu yi namu taron. Ana yin ƙaramar musabaƙa irin wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta faro a matakin ƙasa a 1986, a karrama waɗanda suka sauke, a sa yara su yi jawabi da Hausa, a kira sunan wanda ya ci kyauta a makarantar boko a sake yi masa barka a gaban dattawa, sannan a ci waina da miyar taushe. Muna saya musu kofi mai kyau kamar na makaranta, da gangan muke yin haka.

In Allah ya yarda za mu iso Katsina a ƙarshen Yuli, kuma sakamakon GCSE na babban ɗana zai same mu a can ta intanet. Ina roƙonka ka nema mana malamin da zai riƙa sauraron tilawarsu da safe, ka kuma samu lokaci ka kai su tsohon ginin Kwalejin Katsina da filin Fives, ka yi musu tambayoyin da ka yi mini su amsa maka da bakinsu. A gaishe da Gwaggo da dukkan mutanen gida. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Wassalam.