Dusar giya a abincin kaji

Ɗana, ka tambaye ni ko za mu rage masara mu cike gurbinta da dusar giyar nan da ake sayarwa a Oko-Oba ta Legas, tunda ta fi araha, ka kuma tambaya ko akwai barasa a cikinta. Za mu sa ta, amma ba za ta zauna a mazaunin masara ba.

Kamfanonin giya irin na Iganmu da Ikeja suna jiƙa hatsi su tatse zaƙinsa, dusar ta rage. Wadda ake kira DDGS kuwa ragowar masara ce bayan an tace barasar etanol, galibi daga Amurka. Duka biyun an cinye sitacinsu, alhali sitacin ne ƙarfin da kaza ke samu a masara. Abin da ya saura furotin ne, wajen kashi 25 cikin 100, da ƙaiƙayi mai yawa. Saniya tana da tumbin narka ƙaiƙayi, kaza ba ta da shi. Ka cika mata, sai kashi ya yi ruwa, nauyi ya tsaya, ƙwai ya ragu.

Don haka a haɗin kilo 100, dusar 'yan tsaki kada ta wuce kilo 5, ta masu ƙwai da manyan buloila (kajin nama) kilo 10. Waken suya za ka ɗan rage, ka ƙara laisin, wani sinadari na furotin, domin dusar ba ta da shi sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne danshi. Ɗanyar dusa kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ce, kuma a zafin Legas kwana biyu zuwa uku ya isa ta yi tsami ta yi funfuna. A watan Yuni ina za ka ga ranar shanya? Dafin funfuna hanta yake ci, kaji su yi ta mutuwa ɗaya-ɗaya kana zargin ciwo. Kafin ka biya kuɗi, tura hannu har tsakiyar buhu, ka damƙa, ka shinshina. In ta dunƙule, ko da ɗumi, ko warin ruɓa, bar ta ko kyauta ce. Wadda ta yi baƙi kuma wuta ta ƙona ta wajen busarwa, furotin ɗinta ya lalace.

Maganar barasa da ka yi, ta kamfanin giya ana ware ta tun kafin a zuba yis, ta DDGS kuma an tace barasar. Hukuncin sayenta sai ka kai wa Malam bayan Azahar. Gobe ka ware kaji 50 mu fara gwadawa da su.