An yi wa Baba aikin zuciya ta wuyan hannu, wajen ya yi baƙi: a gasa mashi?

Tambaya: Salam Sista, daga Ƙofar Ƙaura nake nan Katsina. Shekaranjiya aka zura wa Babanmu wata siririyar roba ta wuyan hannun dama har zuciya, aka sa mashi sitent (wani ɗan ƙaramin bututun waya da ke riƙe jijiyar zuciya a buɗe), jiya muka dawo gida. Yau wajen ya yi baƙi kamar jini ya kwanta, Gwaggo ta ce a gasa da ruwan zafi a murza man zafi. Mu yi? Kuma ya zai yi da alwala?

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Dan Allah ki ba Gwaggo haƙuri, kar a gasa, kar a murza, kar kuma a kira mai ɗori, wannan ba targaɗe ba ne.

Abin da aka huda jijiyar jini ce mai bugawa, wadda muke taɓawa ƙasan babban yatsa in za mu ji bugun zuciya, jinin cikinta da ƙarfi yake tafiya ba kamar ta ƙarin ruwa ba. Tun 1989 wani likita a Kanada, Lucien Campeau, ya fara bi ta nan maimakon matsematsi, kuma gaskiya ya fi sauƙi, mutum yana tashi ya yi tafiya da wuri. In kin lura bayan aikin an ɗaura mashi wani abu kamar agogon roba, iska muke hura mashi da sirinji wajen mil 15, bayan awa ɗaya zuwa biyu mu riƙa rage mil 2 ko 3 muna duba yatsu, so muke ramin ya toshe amma jini ya ci gaba da wucewa. Toh ɗan guntun jinin da ya daskare a bakin ramin nan shi ne marfin, ga shi Baba yana shan aspirin da ɗan'uwansa irin su clopidogrel masu tsinka jini, kin ga ruwan zafi da murza ai ɓalle marfin za su yi.

Baƙin nan in shimfiɗe yake, taushi, ba ya ƙaruwa, ba komai, zai koma kore-kore ya koma ɗorawa ya ɓace cikin sati biyu ko uku. Ki zagaye shi da biro ki duba safe da yamma.

Wanda ba a jira da shi kuwa: kumburi mai tauri da ke girma ko yana bugawa, ciwo mai tsanani yana hawa zuwa gwiwar hannu, yatsu su yi sanyi ko fari ko su mutu, ruwa ko mugunya da zazzaɓi, ko ciwon ƙirji ya dawo. Ko da tsakar dare ne ku nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya. In jini ya ɓalle, a zaunar da shi a ɗaga hannun a danna wajen da yatsu da ƙarfi minti 10 ba leƙawa, in bai tsaya ba a tafi ana danne da shi. Kuma kar wanda ya ce a daina maganin don an ga baƙi, sitent ɗin zai iya toshewa, wannan ya fi komai haɗari.

Alwala kam tunda an wuce awa 24 a cire filastar, ya zuba ruwa a hankali ba cuɗawa, a tsane da tawul mai tsabta, sai dai kar ya tsoma hannun cikin bokiti na 'yan kwanaki. Inda dattawanmu ke ba mu wahala wajen tashi daga sujada ne, su dafa ƙasa da dukkan nauyinsu, kwana biyun nan ya dafa da hagu ko ya yi sallah a zaune. Buta zai iya ɗauka, amma jarka, jan guga, tuƙa babur, ɗaga jika, a bari sai bayan sati. In za ku auna hawan jini a gida ma, a ɗaura a hannun hagu tukuna.