Wane girman gurbin talla ya dace da shafin intanet da manhajar waya?

Tambaya: Ina da shafin labarai a intanet da kuma manhajar waya. Na saka guraben talla, amma a waya wani lokaci tallar takan fito a yanke, wani lokaci kuma gurbin ya zauna fanko. Wane girma ya kamata in yi amfani da shi?

Amsa: Malam, matsalolin nan biyu sau da yawa tushensu ɗaya ne, wato girman gurbin. Ana auna gurbin talla da fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a allo, faɗi sannan tsayi. Masu talla ba sa zana hoto don shafinka kai kaɗai, suna bin ma'aunan da IAB, ƙungiyar masu harkar talla a intanet, ta daidaita. Idan ka ƙirƙiro naka, kamar 500×200, da wuya a samu tallar da za ta shige shi, sai gurbin ya zauna ba kowa.

Gurbin da ya fi kowane samun masu saye shi ne 300×250. Yana shiga tsakiyar rubutu, yana shiga gefen shafi, kuma yana aiki a kwamfuta da waya. Idan gurbi ɗaya kawai za ka saka, saka wannan. Bayansa akwai 728×90 mai shimfiɗewa a saman shafi, da 970×250 mai girma sosai, da dogayen gefe 160×600 da 300×600. Waɗannan huɗun na kwamfuta ne. A waya kuwa, 320×50 da 320×100 ake amfani da su.

Ga dalilin yankewar. Faɗin allon yawancin wayoyi, kamar yadda burauza ke lissafa shi, tsakanin 360 zuwa 414 ne. Gurbin 728 ba zai taɓa shiga ba. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne 336×280: idan allo 360 ne kuma ka bar tazarar 16 a kowane gefe, abin da ya rage 328 ne, don haka fiksel 8 za su fita waje. Maganin shi ne ka sa shafin ya duba faɗin allo kafin ya nemi talla, ko ka yi amfani da gurbi mai daidaita kansa irin na AdSense, tsarin Google na saka talla a shafuka.

A manhaja lissafin ya ɗan bambanta, domin a Android ma'aunin dp ne, wanda kowane ɗaya nasa kan ɗauki fiksel fiye da ɗaya a allo mai kaifi. Gurbin 320×50 a wayar da kowane dp ɗinta fiksel uku ne a faɗi da tsayi yana cin fiksel 960×150 na gaske, shi ya sa ƙaramin hoto ke fitowa dishi-dishi. A zana shi aƙalla ninki biyu, 640×100. Akwai kuma talla mai cike allo, wadda wurinta shi ne inda mai karatu ya gama wani abu, misali ƙarshen labari. Idan ta faɗo masa yana tsaka da karatu, zai danna ta bisa kuskure, kuma dannawar kuskure na iya jawo a rufe maka asusun talla.

Abin da na fi so ka kiyaye shi ne tanadar wa talla tsayinta tun kafin ta iso. In ba haka ba, rubutu yakan zame ƙasa da zarar ta buɗe, mai karatu ya rasa layin da yake. Google na auna wannan zamewar da maki, kuma makin da bai wuce 0.1 ba shi ne mai kyau. Gurbin 300×250 sai a ware masa tsayin 250 tun farko.

Kada kuma ka cika shafi da talla don ganin gurabe na da yawa. A waya, idan talla ta haura kashi 30 cikin ɗari na tsayin shafi, ta saɓa ƙa'idar da Chrome ke aiki da ita tun 2018, kuma yana iya toshe tallace-tallacen shafin. Sannan ba a ƙirga talla a matsayin wadda aka gani sai rabinta ya bayyana a allo na daƙiƙa ɗaya, bidiyo kuma daƙiƙa biyu. Gurbin da ke can ƙasan shafi, inda mutane ba sa kaiwa, kuɗinsa kaɗan ne komai girmansa.

Idan kai ne ke ɗora hoton talla a Google Ads, ya kasance a tsarin JPG, PNG ko GIF, mai motsi kuma ya tsaya cikin daƙiƙa 30.