Ku Tambaya Mu Amsa: In Sayar Da Gonar Gado In Ɗauko Iyalina?

Tambaya:

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Auyo, jihar Jigawa. A daminar 2022 ruwa ya cinye mini shinkafa tana gab da nuna, ya kayar da ɗaki biyu da rumbu. A kwalekwale muka fitar da yara zuwa makarantar firamare, muka yi wata guda muna kwana a aji. Da shekara ta zagayo na sake shuka da bashi, ko kuɗin taki ban mayar ba. Yanzu ina Zariya, ina tura kurar ruwa a Sabon Gari, ina kwana a shagon wani ɗan garinmu. Maiɗakina da yara huɗu suna gida. An taya gonata ta gado, kuɗin zai isa in kama ɗaki in ɗauko su, amma mahaifina ya ce in na sayar ba shi ba ni. Ina mafita?

Daga mai karatu, Sabon Gari, Zariya.

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya mayar maka da alheri. Wasiƙarka ta taɓa mini tsohon miki, don mu ma baƙi ne a garin nan. Farin 1973 ne ya koro mahaifina daga arewacin Katsina, ina ɗan shekara bakwai a bayan jaki. Kafin mu taso ya ba da gonarsa a kan buhu uku na gero, geron kuma bai kai mu sallar layya ba. Ya rayu a Tudun Wada cikin rufin asiri, amma duk ranar da aka yi ruwan fari, ƙanshin ƙasa ya tashi, sai ya fito ƙofar zaure ya tsaya shiru yana kallon arewa. Har ya koma ga Allah bai daina cewa "gonata" ba.

Saboda haka kada ka sayar. Ba tsoron fushin tsoho kaɗai ya sa na faɗi haka ba, ko da yake shi ma abin tsoro ne. Ka tambayi kanka, me mai tayawar ya hango a ƙasar da ruwa ke kwanciya? Rani ya hango. Ƙasarku ce ke da aikin ban ruwa na Kwarin Haɗeja, kuma in ambaliya ta janye takan bar laka da danshi, alkama da shinkafar rani su yi kyau. Damina ce ta juya muku baya: ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kogin ya zo a cike daga wajen madatsun ruwa na Tiga da Challawa, ga ciyawar kachalla ta toshe masa hanya. Ambaliyar shekarar da ka ambata ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan guda da muhallinsu. Ba gazawarka ba ce.

Ka ba da gonar haya ta rani ga wanda ka yarda da shi, a gaban mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta shekarun da kuɗin. Da wannan da abin da kura ke kawowa sai ka nemi ɗaki a bayan gari, inda haya ke da sauƙi. Ka dai duba bango da kyau, in ka ga shatar ruwa a jikinsa ka wuce, kada ka gudu daga kogin Haɗeja ka faɗa bakin rafin Kubanni na Zariya.

Abin da ya fi damuna shi ne hannun manomin fadama yana ƙarewa a jarka. Ka leƙa bakin kogin Galma wajen Dakace, inda ake tumatir da albasa da rake. Mutumin da ya san yanka fangali da sarrafa injin ban ruwa ba ya rasa mai nemansa a can. Ka fara da ƙwadago, in an san ka sai ka nemi ɗan yanki haya. Ga kuma cibiyar binciken aikin gona ta jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, masu fitar da irin masara da wake mai saurin nuna. Ka je ka tambayi malaman gona, ba a korar mai tambaya.

Iyali kuwa ka ɗauko su da zarar ɗaki ya samu. Baiwar Allahn nan ita kaɗai take jin kukan yara huɗu duk lokacin da hadari ya haɗo cikin dare. Ka karɓo musu takardar canjin makaranta kafin ku taso.

Shi kuma tsoho, kada ka yi masa maganar a waya. Ka je da ƙafarka, ka riƙe goro, ka ɗauki limamin garinku ko wani amininsa, ka durƙusa ka ce gona tana nan da sunan gida, cin rani ne ya yi tsawo. Ka yi masa alkawarin kawo jikokinsa duk sallah. In kun yi maganar, ka sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare.