Fari ko ruwan ƙasa? Amsa daga unguwar Bukoki a Yamai

Ƙanwata, kin ce hoton falona ya ɗaure miki kai, wai bango ɗaya launi biyu, kamar fenti ne ya ƙare wa mai shafawa. Bai ƙare ba, da gangan ne. Tunda kin rasa na zaɓa tsakanin fari da ruwan ƙasa, bari ki ji yadda muke yi a Yamai.

Shekarar da na tare, fari sol na sa aka shafa, irin na gidajen Kano da nake gani. Sati uku ya yi yana burge baƙi. Da hunturu ya kama, jar ƙurar garin nan ta bi ta ƙasan ƙofa ta kwanta masa, ya koma kamar tsohon zanin gado. Wajen makunnin fitila kuwa, yatsun yara biyar-biyar, har da na mai cin tuwo da miyar kuka. Na sa tsumma na goga, fentin ya biyo tsumman.

Maƙwabciyata Bazabarma ce ta yi min dariya ta kai ni Katako, kasuwar da ake sayen kayan gini. A can na koyi cewa fentin ruwa, wanda suke kira fom, ba ya son wanki. Na mai shi ne ake gogewa da sabulu. Shi ya sa ake raba bangon: daga ƙasa zuwa kafaɗar mutum a shafa na mai, ruwan ƙasa, wanda ƙura ba ta tona masa asiri, daga nan zuwa silin a bar fari. In za ki tambayi kuɗi a nan, da jika ake lissafi, jika guda sefa 1000 ke nan, kada ki zo da kan naira.

Amma kada ki raina farin. A 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulki, ɗakin da aka shafe da ruwan ƙasa har sama ya zama kamar rumbu tun la'asar. Falona kuwa, fitilar caji ɗaya a kan kabad, farin sama ya watsa hasken ko'ina, yara suna karatunsu.

Kafin ki saya, sa mai fentin ya shafa miki faɗin tafin hannu na kowanne a bangon da ke kallon taga. Ki duba da hantsi, ki sake dubawa bayan magariba. Ruwan ƙasan da na fara ɗauka, da ya bushe sai ya fito kamar kunun gyaɗa, dole na mayar da gwangwanin.