Yaushe ake fara ƙawata gida don Kirsimeti?

'Yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya maigida, yaya sanyin Jos? Saƙonki ya iso. Kin ce maƙwabtanku sun rataya fitilu tun Nuwamba bai raba ba, surukarki kuma ta ce a gidansu ba a taɓa komai sai ana jibi Kirsimeti. Ga shi wannan ce Kirsimetinki ta fari a ɗakinki, kin rasa wa za ki bi.

Ki kwantar da hankalinki, babu mai laifi a cikinsu. Littafi Mai Tsarki bai sa ranar rataya ado ba. Itacen Kirsimeti ma al'adar Jamusawa ce, ta bazu a Ingila bayan da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da iyalinta a gindinsa a 1848, daga baya Turawa suka zo mana da ita. Su kansu bakinsu bai zo ɗaya ba. Amurkawa sukan fara da zarar sun gama bikin godiyarsu na Alhamis ta huɗu a Nuwamba, a Italiya gidaje da yawa sai 8 ga Disamba, tsofaffin Jamusawa kuwa sai 24 ga wata suke tsayar da itacen. Ma'aunin da ikilisiya ta bayar shi ne Adbent, makonnin jiran haihuwar Almasihu. Yana farawa ranar Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wadda ke faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Katolika da Angilika suna kiyaye shi sosai. Kafin wannan Lahadin, a ganina an yi gaggawa.

Amma a ƙasarmu hunturu ne ke yanke hukunci. Abin da kika rataya a Nuwamba, kafin ranar biki ƙura ta mai da shi ruwan ƙasa. Saboda haka ki tsaya a kan 25 ga Disamba ki ƙirgo baya, kowane abu gwargwadon kwanakin da zai jure ƙura da bushewar iska.

Fenti ne farko, kuma shi kaɗai ne ya kamata a gama tun tsakiyar Nuwamba. A share yanar gizo, a kankare inda tsohon fenti ya ɓanɓare, a toshe tsaga, sannan a shafa. Bokiti ɗaya mai lita 20 na fentin ruwa ya ishi falo matsakaici hannu biyu, in dai mai fentin bai cika masa ruwa ba. Fentin ruwa yakan bushe a sama cikin 'yan sa'o'i, amma bai kama bango sosai sai ya yi kamar mako biyu. In kika manna salatif kafin nan, ranar cirewa da fentin zai taho, ya bar miki tabo. Fentin mai na ƙofa da taga shi ne ya fi ba da wahala, domin yana yini da danƙo, duk ƙurar da ta sauka a kansa ta zauna ke nan. A shafa shi ranar da iska ta lafa, a yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe tagogin arewa da gabas, ta inda iskar ke bugowa. Wanda ya bari sai Disamba zai tarar masu fenti sun yi wuya, kuɗinsu ya hau.

Daga Lahadin fari ta Adbent ki fito da itacen roba da fitilu, su ne masu jurewa. Ki kakkaɓe itacen a waje, ki goge rassan da tsumma mai laima, ki bari ya bushe. Bayan kin kafa shi, kowane kwana biyu ko uku ki bi shi da tsumma. Igiya biyu masu ƙwai ɗari-ɗari sun wadaci itace mai ƙafa biyar, kuma fitilu ake fara naɗawa kafin a rataya sauran kaya.

Kada ki rataya fitila sai kin jona ta a ƙasa kin gani, ki bi wayar da yatsa ko ɓera ya ci ta a ajiya. Ki duba rubutun jikin filogi. Wutarmu volt 220 zuwa 240 ce. Fitilar da aka aiko daga Amurka galibi ta 120 ce, kina jona ta za ta ƙone nan take. Tsofaffin fitilu masu ƙwan gilashi a jere ake haɗa su, ɗaya ya saki a mazauninsa sai layin duka ya mutu, ga su da zafi. Na zamani da ake kira LED ba sa zafi, wutar da suke ja kaɗan ce, ƙaramin janareta ma ba ya jin su. Kada ki tara filogi huɗu biyar a soket ɗaya. In an ɗauke wuta ki zare su, domin sau da yawa da ƙarfi take dawowa, haka ma in za ku kwanta ko za ku tafi sujada. Gobarar hunturu ba ta jira, komai ya bushe ƙayau. Kaskon gawayin jin ɗumi da kyandir su yi nesa da itacen da labule, aƙalla taku biyu. Audugar nan da ake barbaɗawa a rassa don kwaikwayon ƙanƙarar Turai, ni ba na son ta ko kaɗan. Tana shan ƙura, tana kama wuta da tartsatsi ɗaya.

Labule da rigunan kujera ki wanke su wajen 18 zuwa 20 ga wata. Ki shanya da sassafe, ki kwashe da zarar sun bushe, in sun yini a igiya sai kin sake wanki. Takardun ado masu launi ma sai wannan makon, don rana na kashe musu launi, iska kuma na sa su karyewa. In kuna yin 'yar bukka da komin dabbobi don kwaikwayon inda aka haifi Almasihu, ciyawa ce busasshiya, fitila mai batir kawai za a sa mata. Gidajen Katolika da yawa sukan bar komin babu jariri sai daren 24.

Abin da surukarki ta faɗa daidai ne a kan abubuwa uku: ɗanyen reshe, fure da balan-balan. Reshen da aka saro, ko an tsoma gindinsa a ruwa, 'yan kwanaki ne a wannan iskar ganyen ya fara zuba. Balan-balan kuma yana saki, na bakin taga rana ta fasa shi. Waɗannan sai 23 ko 24. Ki gayyace ta ranar ku ƙarasa tare, ki bar mata tauraron saman itacen ta ɗora. Kin girmama al'adar gidansu, aikinki kuma bai taru a rana ɗaya da suyar cincin da yankan kaji da rabon abinci ga maƙwabta ba.

Saukewa kuwa, bisa al'ada sai daren 5 ko ranar 6 ga Janairu, ranar tunawa da zuwan masanan taurari daga gabas. Wasu Katolika sukan bar komin har 2 ga Fabrairu. Ki naɗe kowace igiyar fitila daban a jikin kwali, ki cire batura don kada su tsiyaye, ki zuba komai a bokitin roba mai murfi. Katan kam, gara da damina za su gama da shi kafin baɗi.

Ki gaishe da maigida da surukarki. Allah ya kai mu lafiya.

Gwaggonki