Tsakanin "make" da "do"

Ƙanina, ka tambayi dalilin da malaminku ya sa wa "I did a mistake" jan biro. Laifin "yi" ne. Mu komai yi muke, kuskure da aiki duka, Turanci kuwa ya raba.

In an samar da abin da babu shi a da, yawanci "make" ne: Inna ta dama fura, "she made fura". Haka "make a mistake", "make money". Aikin da aka ɗora maka na "do" ne: "do your homework".

Dokar fa tana da ɓaraka. Gyaran shimfiɗa "make the bed" ne, alhali ba kafinta aka kira ba! Ɗalibaina a ƙauyenmu wajen Ringim haddace irin waɗannan kalmomi suke bibbiyu, kamar karatun allo, kafin NECO.